Birni ɗaya, ciyamomi takwas: yadda ake tafiyar da Kano

Idan kwalbati ya toshe da damina a wani lungu na Gwammaja ko Kurna, ruwa ya malalo zauruka, dattawan unguwa kan fara da kansila. Kansila zai ce a je sakatariya. A sakatariya za a karɓi takardarsu, a buga mata hatimi, a ce sai an nemo sahalewa daga ma'aikatar ƙananan hukumomi. Wani zai ba su shawarar su gwada hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, tunda shara ce ta toshe shi, wani ya ce ai aikin ma'aikatar muhalli ne, idan kuma wani ne ya ɗora gini a kan hanyar ruwan sai a ambaci hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Daga ƙarshe matasan layin ne za su fito ranar Asabar da shebur da manjagara su yi aikin gayya. Kowanne daga cikin ofisoshin nan yana da hujja a kan abin da ya faɗa, domin haka tsarin yake: birnin Kano, duk girmansa, ba shi da hukuma guda da za a kira hukumar birni.

Abin da muke kira Kano a baki, a takarda ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowacce da ciyaman ɗinta, da sakatariyarta, da kasafin kuɗinta. Mazaɓunsu 88 ne daga cikin 484 na jihar: Birni na da 13, Dala 12, Nasarawa da Kumbotso da Ungogo 11 kowacce, Fagge da Gwale da Tarauni goma-goma. A ƙidayar 2006 mutanen waɗannan takwas sun kai kimanin miliyan 2.8, kusan kashi ɗaya cikin uku na jihar. A idon doka kuwa, matsayin Nasarawa mai mutum kusan 600,000 a wancan lokacin ɗaya ne da na Tofa, wadda ba ta kai 100,000 ba.

Da ba haka abin yake ba. A zamanin En'e hukuma ɗaya ce ke riƙe da birni da ƙauyukansa. Tana da Baitulmali, da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, da makarantu da asibiti, kuma da kuɗin Baitulmali aka kawo ruwan famfo da lantarki daga Challawa, aikin da aka buɗe a 1931. Haraji na tashi daga hannun mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa Baitulmali. An sha zalunci a wannan hanya, shi ya sa 'yan NEPU suka yi ta yaƙar ta, amma mai biyan haraji ya san hannun da ya karɓa. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga En'e, gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Najeriya, sannan a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, babu shakka. Sai dai tun daga lokacin idon ƙaramar hukuma ya bar kan mutanenta ya koma kan kason da ke zuwa daga sama. Adadin 44 da Kano ke da shi ya tsaya ne a 1996, lokacin da Abacha ya kai na ƙasa baki ɗaya 774.

A cikin sakatariya mutane iri biyu ne. Akwai 'yan siyasa masu wa'adin shekara uku: ciyaman, da mataimakinsa, da sakatare, da kansilolin naɗi da ake ba kula da sassa, sai zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, waɗanda ke zama majalisa su amince da kasafin kuɗi, su yi dokokin kasuwa da tsafta. Akwai kuma ma'aikatan dindindin, waɗanda ciyaman ke tararwa ya tafi ya bari. Babbansu shi ne daraktan mulki, wanda kowa ke kira DPM, sai ma'aji, sai shugabannin sassa irin su ayyuka, lafiya, gona, ruwa da tsaftar muhalli, da raya al'umma. Ciyaman ne ke ba da izinin kashe kuɗi, amma bisa ƙa'idar kuɗi ta ƙananan hukumomi DPM da ma'aji ne ke sa hannu a cek. Su biyun kuma ba ma'aikatan ciyaman ba ne. Duk ma'aikacin da ya kai mataki na 07 zuwa sama yana ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, ita ke ɗauka, ita ke ƙara girma, ita ke iya ɗauke ma'aji daga Fagge ta kai shi Doguwa da takarda shafi ɗaya. Ma'ajin da ya san haka, ya san wanda zai ji tsoro.

Ayyukan da kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa wa ƙananan hukumomi a jadawali na huɗu su ne ainihin ayyukan birni: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, lasisin kekuna da kurar turawa, allunan talla, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da kimanta gidaje don karɓar kuɗin gida. Ga kuma hannu a ilimin firamare da lafiya a matakin farko. Duk wanda ya karanta jerin nan ya dubi Kano zai ga cewa kusan kowane aiki mai maiƙo ya koma hannun jiha. Shara tana wajen REMASAB tun 2003. Titi da masu Adaidaita Sahu suna wajen KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha. Izinin gini yana wajen KNUPDA. Fili kuwa, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi na karkara kawai. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suna cikin Fagge, amma hukumomin da jiha ta naɗa ne ke tafiyar da su. Ko dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati ta ce kasuwar da jiha ta zuba kuɗi a cikinta ta fita daga hannun ƙaramar hukuma, haka ma raɗa wa titi suna a babban birnin jiha. Ciyaman na Bichi ko Rano ya fi takwaransa na Tarauni iko a kan ƙasar da yake mulka.

A yi adalci, akwai dalilin da ya sa jiha ta shigo. Motar kwashe shara da za ta ɗebi bola a Kofar Mazugal dole ta kai ta bayan gari, cikin wata ƙaramar hukumar daban. Babu yadda za a yi hukumomi takwas su yi dokar hanya takwas a kan titin Murtala Muhammad ko titin Zariya. Matsalar ita ce an ɗauke aikin ba tare da an ɗauke sunan ba, shi ya sa idan shara ta taru a lungu, hukumar jiha ta ce ƙarfinta ya tsaya a manyan tituna da wuraren tara shara, ƙaramar hukuma ta ce ba ta da mota.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, na zama a Abuja. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Daga harajin VAT kuma kasonsu 35 ne cikin ɗari. Yadda ake raba kason asusun tarayya a tsakaninsu shi ne inda birni ke cutuwa: kashi 40 ana rabawa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, goma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, goma bisa abubuwan more rayuwa, goma bisa ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Dala, wadda faɗinta bai taka kara ya karya ba amma mutane sun yi mata cikar ƙwari, ba ta samun komai a ma'aunin faɗi. Fagge kuwa ƙidayar 2006 ta ba ta kimanin mutum 200,000 kacal, domin masu kwana ake ƙirgawa. Da rana mutanen Bachirawa da Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Hotoro, da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, duk a Kwari da Singa da Sabon Gari suke wuni, nan suke zubar da leda da kwali, nan suke neman banɗaki. Lissafin Abuja bai san da su ba.

Kuɗin ma ba ya zarcewa sakatariya. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason duka 44 ke sauka tukuna. Kwamitin rabo, JAAC, ke zama a kansa ƙarƙashin ma'aikatar ƙananan hukumomi, ma'aikatar da nauyinta ya kai a wasu lokutan mataimakin gwamna da kansa ke riƙe ta, kamar yadda Ganduje ya yi a zamanin Kwankwaso. A nan ake fara yanka. Albashin malaman firamare ne kan gaba, ana cire shi a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Sai albashin ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da na sauran ma'aikata, sai kason fansho, wanda a dokar Kano ta 2006 ma'aikaci ke ba da kashi 8 gwamnati ta ba da 17, sai kason masarauta, sai kashi ɗaya na horar da ma'aikata, sai abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, irin hanyoyin kilomita biyar-biyar da aka fara a hedikwatocin ƙananan hukumomi tsakanin 2011 da 2015. Abin da ya rage shi ciyaman ke gani, kuma sau da yawa bai wuce na man mota da takardu da 'yan tallafin suna da rasuwa ba. A ɗaya ɓangaren, doka ta ce jiha ta zuba kashi 10 na kuɗin shigarta a wannan asusu. Wannan tanadi ne da ba kasafai ake jin labarinsa ba a yawancin jihohi.

Ƙananan hukumomin birni sun fi jin jiki a wajen albashi, domin nan makarantu suka fi cika, nan ma'aikata suka fi son a ajiye su. Malama mai aure a Gyaɗi-Gyaɗi ba ta son a tura ta Tudun Wada, za ta bi duk hanyar da za ta bi a bar ta a Tarauni. Da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 71,000 a Kano a ƙarshen 2024, nauyin ya ƙaru. Akwai lokutan da albashin wata ƙaramar hukumar birni kan zarce kasonta gaba ɗaya, sai a ɗebo daga na karkara a cike. Wannan ita ce hujjar da masu kare asusun haɗin gwiwa suka fi riƙewa, kuma ba ta banza ba ce.

A koma kan kwalbatin nan, a ga hanyar da takardarsa za ta bi idan komai ya tafi bisa ƙa'ida. Ciyaman zai rubuta a kanta ya tura wa shugaban sashen ayyuka. Injiniya zai je ya auna tsawo da faɗi, ya lissafa buhunan siminti da rodi da yashi da tsakuwa da ladan lebura. Za a duba ko kasafin shekarar ya ware wani abu ƙarƙashin magudanan ruwa, idan babu, magana ta ƙare sai baɗi. Idan akwai, kwamitin kuɗi da ayyukan yau da kullum zai zauna ya amince. Idan adadin ya wuce iyakar abin da aka yarje wa ciyaman ya kashe, fayil ya tafi ma'aikata neman sahalewa. Bayan ya dawo ne za a ba da kwangila ko a yi aikin da ma'aikatan sashen, a rubuta bauca, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba, DPM da ma'aji su sa hannu. A kowane mataki akwai inda ake tuntuɓe. Fayil kan yi watanni a ma'aikata, kafin ya dawo farashin siminti ya tashi, ɗan kwangila ya rage rodi ko ya ƙara yashi don ya fita, kwalbatin ya rufta a damina ta biyu. Wasu kan tsinka aiki ɗaya gida uku don kowane yanki ya tsaya ƙasa da iyakar ciyaman, abin da masu bincike ke kamawa idan sun ga dama. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha yana rubuta rahoto duk shekara ya miƙa wa majalisar dokoki, amma rahoton kan zo bayan waɗanda ya ambata sun bar kujera.

To kuɗin shiga na cikin gida fa? A nan ne abin ya fi ba da takaici, don Kano garin ciniki ne. Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi ƙananan abubuwa ne: kuɗin rumfa a kasuwannin unguwa, tikitin masu tebur da masu baro da 'yan ga-ruwa, kuɗin shago, kuɗin takardar shaidar asali wadda sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun sa hannu kafin ta iso sakatariya. Mai karɓa na yawo da ɗaurin rasit a hannu. Inda ake yoyo sananne ne: a buga rasit na bogi a ajiye na gaske, ko mai tebur ya ba da rabin kuɗi a tafi ba rasit, ko a ba wani ɗan jam'iyya tasha sukutum ya riƙa kawo abin da ya ga dama a ƙarshen wata a matsayin ladan wahalar zaɓe. Mai shago kuma ya gaji, yau na ƙaramar hukuma, gobe na hukumar tara haraji ta jiha, KIRS, jibi na duba-gari. Harajin da biranen duniya suka dogara da shi, wato kuɗin gida, kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi aikin kimanta shi, amma yana buƙatar rajistar gidaje da lamba da ƙimar kowanne. A unguwannin awon igiya na Ungogo da Kumbotso, inda aka yanka gonaki aka sayar ba tare da taswira ba, ba wanda ya san adadin gidajen. A cikin badala kuwa gida ɗaya na iya zama na magada ashirin. Ko a Nasarawa GRA da Bompai, inda gidaje da kamfanoni ke da takardu, jiha ta riga ta je da kuɗin ƙasa. Kuma babu ciyaman mai wa'adin shekara uku da zai so a ce shi ya dawo da haraji garin Malam Aminu.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7 na kundin tsarin mulki. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. A lokacin Kano na hannun shugabannin riƙo, don wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2021 ya ƙare. Hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta shirya zaɓe ranar 26 ga Oktoba 2024, NNPP ta lashe kujeru 44 da mazaɓu 484, APC ba ta shiga ba. A 2018 da 2021 kuwa APC ce ta cinye duka. Kowace jam'iyya ta yi kuka lokacin da take waje, ta yi shiru da ta shiga. Tunda gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen, kuma a gidan gwamnati ake tace sunayen 'yan takara, ciyaman ya san wanda ya ba shi kujera. Ko kuɗin sun faɗo asusunsa kai tsaye, idan aka kira taro aka ce kowa ya kawo kaza don aikin haɗin gwiwa, da wuya a sami mai cewa a'a. An taɓa gwada irin wannan a 2019, lokacin da hukumar sa ido kan hada-hadar kuɗi ta ƙasa, NFIU, ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙananan hukumomi, gwamnoni suka garzaya kotu, al'amura suka ci gaba kusan yadda suke. Shekara guda bayan hukuncin 2024 ma, kason yawancin ƙananan hukumomin ƙasar nan ta hannun jihohi yake bi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ƙungiyar ma'aikata ta NULGE, wato ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ta daɗe tana neman wannan 'yanci, amma malamai na ɗari-ɗari, kuma suna da dalili. A 1991 gwamnatin Babangida, wadda ita ce ta ɗaga kason ƙananan hukumomi daga kashi 10 zuwa 15 sannan 20 tana biyansu kai tsaye, ta mayar musu da albashin malaman firamare. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita, sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993 aka koma cirewa tun daga tushe. Idan aka raba asusu yau ba tare da an warware batun albashi ba, waɗanda za su fara shiga uku su ne irin su Nasarawa da Birni da Dala, masu dubban malamai, yayin da wata ƙaramar hukumar karkara za ta sami rara.

Akwai kuma abin da ko cikakken 'yanci ba zai taɓa ba. Kogin Jakara ya ratsa tsohon birni ta gefen kasuwar Kurmi, ya bi ta Fagge, ya fita ta Ungogo zuwa dam ɗin Wasai a Minjibir. Ledar da aka jefa a Gwale a ƙasan wani take toshe ruwa. Ciyaman da ya yashe nasa yankin ya yi aikin banza idan na sama da shi bai yashe ba. Garin ma ya riga ya tsallake takwas ɗin, ya shiga Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa, inda kasuwar Dawanau take. Ƙara yawan ƙananan hukumomi ba abu ne mai sauƙi ba: Legas ta ƙirƙiri 37 a 2003, Obasanjo ya riƙe mata kuɗi, Kotun Ƙoli ta ce a 2004 riƙe kuɗin haramun ne amma sababbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta shigar da su kundin tsarin mulki, har yau kuma ba ta shigar ba. Abin da ke hannun Kano, wanda majalisar dokokin jiha za ta iya yi da doka ɗaya, shi ne hukumar haɗin gwiwa ta ciyamomin birni, mai kula da shara da magudanan ruwa da rajistar gidaje, inda kowacce za ta zuba kaso sananne, jiha ma ta zuba nata, a rubuta ƙarara wane titi ne na jiha, wane lungu ne na ƙaramar hukuma. Sai kuma a wajabta wa kowace sakatariya ta liƙa takarda a allon sanarwa duk wata, mai nuna abin da ya zo daga Abuja, abin da aka cire a JAAC da sunan kowane abu, da abin da ya iso hannun ma'aji. Adadin farko ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa shi, kowa na iya dubawa a waya. Na biyu da na uku ne dattawan Gwammaja ba su taɓa gani ba.